Ƙanena Zai Tafi Taurari A Tankin Ruwa

Tun ranar da ƙanena ya sayi waya mai kallo na san mun shiga uku. Mai walda ne, kuma ba don ƙanena ba ne, hannunsa na da kyau. In ya haɗa ƙarfe biyu sai ka rantse tare aka haife su. Bakinsa ne matsalar. Shi ya raɗa wa kansa Injiniya, ya rubuta da jan fenti a saman ƙofar shago, har mu da muka goya shi ya hana mu kiransa da wani suna.

Shagon nan babanmu ya bar masa. A ciki Baba ya yi walda har ƙarfinsa ya ƙare, ni kuma na kama na kusa da shi ina ɗinki. Haya muke yi, don shagunan a jikin gidan wata dattijuwa suke, wadda duk layin ke kira Mama. Bara Injiniya ya ƙera mata injin wanke-wanke, injin ya farfasa mata kwanukan tangaran tas, sai da na durƙusa har ƙasa ina ba ta haƙuri. Ta ce, "Darajar babanku ya ci. Amma ya sake ƙirƙiro wani abu a ƙofar gidan nan, wallahi ya bar min shagona." Ya rantse a gabana har da ƙwalla.

Sai Mama ta tafi wani gari duba 'yarta da ta haihu. Ƙurar motarta ba ta gama lafawa ba, sai ga babbar mota ta sauke wani tsohon tankin ruwa na ƙarfe a filin da ke kan tudu, can saman layinmu. Na ajiye almakashi na hau.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Kumbo ne, Yaya."

"Kumbon me?"

"Na zuwa taurari. Ba wata ba fa, wata ai maƙwabci ne, kowa ma ya je. Ni wata rana daban zan nufa, ba wannan tamu ba."

"Rantsuwar da ka yi wa Mama fa?"

"A ƙofar gidanta ta ce. Nan kan tudu ne. Kin ga ma an rage hanya."

Akwai wani tsohon malamin kimiyya da ya yi ritaya, kullum yana zaune a bencin mai askin layinmu yana karanta jaridar jiya. Da ya ji labari ya lallaɓo da sandarsa, ya zagaya tankin, ya ƙwanƙwasa, tsatsa ta zubo masa a takalmi.

Ya ce, "Injiniya, da wane mai za ka tafi?"

"Fetur. In cika shi fal."

"To ai man ma nauyi ne da shi. Sai ka ƙara wani man da zai ɗaga wannan man. Shi ma wanda ka ƙara yana son mai ɗaga shi. Kafin ka tara abin da zai kai ka, ka fi garin nan nauyi."

Ƙanena ya saci kallon wayarsa, sai ya kwashe da dariya. "Gwada ka nake yi, Malam, kuma ka ci. Ni da haske zan tafi. Ƙaton mayafi mai ƙyalli za a baza, hasken rana ya dinga tura shi. Ba mai, ba hayaƙi, ba layi a gidan mai."

Haka ya bi gida-gida yana tara ledar madara da ta biskit, masu ƙyalli ta ciki. Ranar da na tafi kasuwa sayen zare ya shige shagona ya hau keken ɗinkina. Na dawo na tarar ya karya min allurai kaf, ya cinye baƙin zaren da nake haɗa kayan mutane da shi, shagon sai ƙarnin madara yake yi. Na bi shi da tef ɗin awo har kan tudu, yana gudu yana cewa sunana zai shiga tarihi.

Ya ɗaga mayafin a kan dogayen sanduna da tsakar rana. Iska ta busa shi ya loɓa kamar kwano, ya tattara ranar nan duka ya aika ta wuri ɗaya, daidai rumfar Mai Aski. Wani bawan Allah na zaune an aske masa rabin kai, ya ce, "Kamar ina jin ƙauri." Mai Aski ya ce sabon man gashi ne. Sai ga rumfa ta kama ci bal-bal. Mutumin ya zura da gudu da mayafin aski a wuya, har yau bai dawo an ƙarasa masa ba.

Mai Aski ya hau tudu riƙe da aska. Na ce yau ƙanena ya gama yawo. Amma kun san bakin nan nasa.

Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Abokina, masu aski nawa ne a unguwar nan?"

"Sun fi a ƙirga, shi ya sa kasuwa ta mutu."

"To a can babu ko ɗaya."

Mai Aski ya sauke askar kaɗan. "Akwai masu gashi a can?"

"Wa ya taɓa yi musu aski? Gashi har ƙasa suke ja."

Kafin la'asar Mai Aski ya zama mataimakin direba, ya manta da rumfa.

Tankin kuwa ko gezau bai yi ba. Malam ya ce turin haske bai kai na ƙafar ƙuda ba, sai can sama inda babu iska yake aiki, shi ma a kan abu marar nauyi. Injiniya ya ce tankin ya motsa, idanunmu ne ba su da ilimi.

Malam, wanda na lura abin ya fara yi masa daɗi, ya dawo washegari da sabuwar matsala. Ya ce a irin gudun da ake buƙata, ƙwayar yashi ɗaya in ta bugi kumbon tamkar harsashi ce. Nan take Injiniya ya sauka gida ya kinkimo katifarsa ta aure, da ta yara, ya ɗaure su a goshin tanki da igiyar shanya, wai garkuwa ce. Sannan ya yi shela cewa duk mai so ya zo ya jefi garkuwar da dutse don gwaji, shi zai tsaya a baya ya ga ko za ta huje.

Ban taɓa ganin an amsa gayyata irin ta ranar ba. Wanda ya yi wa taga a karkace ya zo. Mai shayin da ya yi wa teburi mai ƙafa ɗaya gajera ya zo da dutse a bokiti. Har wata tsohuwa da ba ta iya miƙewa sosai aka riƙo ta. Katifa dai ba wanda ya same ta. Da ya leƙo da kai ya ce, "Ku dinga saiti mana!" sai aka yi saitin. Ya sauko da ƙulu a goshi kamar ƙwan agwagwa, yana cewa garkuwa ta ci jarrabawa, kansa ne ya fita daga lissafi.

Washegari matarsa ta biyo sawun katifarta, goye da jaririya, idonta ja don kwanan tabarma. Ya tare ta da fara'a.

"Yauwa, dama ke nake jira. Haɗa kayanki, ke ce uwar sabuwar duniya."

"Kwana nawa ne tafiyar?"

"Kwana? Haske kansa sai ya yi shekara huɗu da ɗoriya kafin ya kai tauraro mafi kusa. Mu kam ba za mu isa ba. A ciki za mu tsufa, 'ya'yanmu su haifi nasu, nasu su haifi nasu, jikokin jikokin jikokinmu ne za su sauka."

Ta dube shi, ta dubi tankin. "Baban yara, ɗaki biyu da tsakar gida ma da ƙyar nake zama da kai. A tanki kuma har in mutu? Ka je, Allah ya tsare. In kun isa a gaida mutanen can."

Bai karaya ba. Ya ce tunda ɗan Adam ya ƙi, dabba za ta ci ribar. Ya samo bunsuru da akuya da kaji, su za su yi ta haihuwa a hanya. Ya kwaso tukwanen furannin da ke ƙofar kemis, ya ce su za su dinga sabunta iska: abin da mutum ya fitar shuka ta shaƙa, abin da shuka ta fitar mutum ya shaƙa, kashin akuya ya zama taki, ba abin da za a yar. Malam ya gyaɗa kai ya ce wannan kam haka masana ke tunani. Kan ƙanena ya ƙara girma har ƙulun ya zama ƙarami.

Saura nauyi. Wai a can sama komai shawagi yake yi, ko shayi ka zuba sai ya tashi ya bar kofi. Maganin, in ji wayarsa, a dinga juya kumbon har juyin ya manna mutum da bango. Sai ya kwantar da tankin a kan tsofaffin tayoyin mota, ya aro injin niƙa, ya haɗa su da bel.

Malam ya ce, "To ka tashi, ka yi gudu. Da me za ka tsaya? Tsayawa a can wuyarta ɗaya da tashi. Ina birki?"

"Malam kenan. Ni da ba zan isa ba, ina ruwana da tsayawa? Jikoki su ji da wannan."

Na ja shi gefe na ce, "Don girman Allah ka tattara tarkacen nan kafin Mama ta dawo. Shagon Baba ne fa." Ya ce gwaji ɗaya kawai zai yi a ƙasa, jama'a su shaida, daga nan gwamnatoci ne za su dinga layi a ƙofarsa, shi zai sayi shagunan ma ya ba Mama haya.

Ranar gwaji tudu ya cika maƙil, har masu sayar da ruwan sanyi sun kafa kasuwa. Aka tura akuya, aka tura bunsuru ciki yana tirjewa, aka jefa kaji, aka jera furanni. Mai Aski ya shiga da akwatin kayan aikinsa da madubi, ya yafe wa kowa. Injiniya ya hau kan tanki da gilashin walda a goshi ya yi jawabi mai tsawo, ya ce ya yafe wa masu dutse, tarihi ne zai hukunta su.

Yana shiga ya ja murfin, sai Malam ya ce, "Murfin nan ai iska za ta fita ta gefensa. A can sama ƙaramar kafa ma ajali ce. Ka sa roba ka ɗaure da noti."

Wayyo, da Malam ya san wanda yake gaya wa! Ƙanena bai taɓa yarda da noti ba a rayuwarsa. Ko hannun tukunya ka kai masa ya ɗaure, walda zai yi masa. Ya leƙo ya ce, "Noti aikin ragwaye ne." Ya sa aka zura masa wayar walda ta ramin famfon tankin, ya ja murfi, muka ga tartsatsi na fita ta gefe-gefe har ya zagaye. Ya liƙe kansa a ciki, shi da mutum da dabbobi.

Muryarsa ta fito ta ramin famfo, haɗe da tari da hayaƙi. "A tayar da inji!"

Matarsa ce ta ja igiyar injin, kuma ban taɓa ganin ta yi wani aiki da irin wannan murmushin ba.

Tanki ya fara juyawa a hankali. Jama'a suka ɗau tafi. Daga ciki muka ji, "Nauyi ya samu! Nauyi ya samu!"

Malam ya dafe kai. "Ai a nan ƙasa akwai nauyi tun asali! Zubewa kawai za su dinga yi!"

Bai rufe baki ba muka ji tukunyar farko ta fashe. Sai ta biyu. Sai madubi. Sai bunsuru ya saki wata irin ƙara da ban san dabba na da ita ba, kaji suka amsa. Duk zagaye ɗaya sai ka ji rigijib, sannan muryar Mai Aski ta wuce ta ramin: "A tsay…" rigijib, "…ar da…" rigijib, "…ni na fasa!"

Na ce da matarsa, "Kashe injin!"

Ta ce, "Yaya, makashin ba ya motsi!"

Na duba. Ya yi masa walda. Wai kada ya zame a tsakiyar tafiya.

Injin ya dinga ƙara wuta, tayoyi suka fara hayaƙi, ɗaya ta fashe kamar bindiga. Tankin nan ya yi tsalle ya dira a ƙasa, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya juya ya kama gangara zuwa layinmu, katifu na faɗuwa, mayafin ledar madara na binsa a baya yana walƙiya.

Kowa ya bi shi a guje. Ni da ban yi gudu ba tun ina budurwa, sai ga ni gaba da samari, takalmi a hannu. Tanki ya bi ta kan teburin mai shayi ya daidaita masa ƙafafun gaba ɗaya. Ya kwashe shanyar gida uku. Wani mai babur ya gan shi tafe, ya sauka ya bar babur ɗin ya haye katanga. Malam na can baya yana ɗaga sanda yana ihu, "Birki! Na ce birki!"

Ina addu'a ya wuce shagunan. Ya wuce su kuwa, ya nufi ƙofar gidan Mama. Ƙofar nan ta ƙarfe ƙanena ne ya yi ta, don haka ba ta karye ba. Sai ta tafi da ginshiƙanta da rabin katanga, duka suka kwanta a tsakar gida, tanki ya hau ta kai ya je ya daki bishiyar mangwaro ya tsaya.

A gindin bishiyar, kan tabarma, Mama ce zaune. Shigowarta kenan daga tafiya, ko jakarta ba ta buɗe ba, kofin ruwa na hannunta. Ɗanyun mangwaro suka dinga zubowa kewaye da ita. Ba ta ko motsa ba.

Can sai murya ta fito ta ramin famfo, a galabaice amma cike da fata.

"Mun tsaya. Jama'a, mun iso wani wuri. Ko akwai halitta a nan?"

Mama ta ajiye kofi, ta tashi, ta sunkuya ta sa bakinta a ramin. Ta ce, "Akwai."

Ko bunsurun bai ƙara motsi ba.

Sai aka koma neman yadda za a fito da su, don iska ta fara yi musu kaɗan, akuya kuma ta cinye furannin da za su sabunta ta. Mai walda ɗaya ne a layin, shi ne kuma a ciki. Dole aka kira Dogo, mai waldar bakin kasuwa, wanda ƙanena ya shekara yana cewa ko gwangwani bai iya liƙewa ba. Dogo ya zo yana taku ɗaiɗai, ya jona injin yanka ƙarfe, ya ɗora a kan murfin. Faifan yankan ya cinye. Ya sa wani, shi ma ya cinye. Ya share gumi ya ce, "Gaskiya waldar nan ba ta yankuwa."

Daga ciki aka ce, "Me ya ce? Dogo, ɗaga murya jama'a su ji!"

Sai muka ji tas, muka ji Mai Aski na cewa, "Mutuwa muke yi kana neman yabo!"

A ƙarshe ta cikin tankin Dogo ya yanka, inda tsatsa ta ci. Bunsuru ne ya fara fitowa, ya yi tafiyar maye ya faɗa kwata. Mai Aski ya rarrafo, gashin kaza a baki, ƙasar furanni a kunne, ya miƙe hanyar gidansu. Sannan Injiniya ya fito. Ya miƙe, ya zagaya wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya yar, ya sara wa bishiyar mangwaro ya ce, "Gwaji ya yi nasara. Juyi ya yi, garkuwa ta yi, iska ba ta fita ba." Mutane suka dinga faɗuwa ƙasa don dariya, har Malam sai da aka riƙe shi.

Ni ban yi dariya ba, don na ga fuskar Mama. Na fara durƙusawa, ta ce, "Tashi, 'yata. Gwiwarki ta yi iya nata." Ta juya gare shi. "Katanga za ka gina min. Kayanka kuma ka kwashe yau. Shagon ta cikin gida zan fasa masa ƙofa in mai da shi ɗakin ajiya, na gama ba masu basira haya. Ƙofar waje kuwa ba na son kwaɗo. Tunda an ce taka ba ta yankuwa, kai za ka liƙe min ita."

Da yamma muka fitar da kaya. Tsohon teburin Baba, da gudumarsa da hannunta ya sha gumi har ya yi santsi, duk muka jibge a barandar shagona. Mutanen layin da suka wuni suna dariya, kowa ya tsaya daga nesa. Ƙanena ya ja ƙofar ya rufe, ya sauke gilashi a fuskarsa, ya fara daga sama. A hankali ya bi ta, bai yi gaggawa ba, bai ce uffan ba, abin da ban taɓa gani ba tun da ya iya magana. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, kuma tausayinsa ya kama ni.

Da ya kai ƙasa ya ɗaga gilashin. Hawaye sun yi masa layi biyu a cikin baƙin hayaƙi. Ya shafa waldar da yatsa, ya ja hanci, ya ce, "Yaya, zo ki gani. Ko iska ba za ta shiga ba."

Na je na duba. Wallahi ko Baba bai taɓa yin mai kyanta ba. Na ɗaga hannu zan kai masa ranƙwashi, na rasa inda babu ƙulu a kan, sai na kama hannunsa na ce ya zo ya taya ni shigar da teburin kafin a yi ruwa.